Yadda ake haɗa kayan kamfanoni daban-daban wajen sake ɗura harsashin bindigar farauta

A Amurka da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen Turai, mafarauta da masu gasar harbi da yawa ba sa watsar da kwanson harsashi bayan sun harba. Suna tattara shi, su matse shi ya koma girmansa, su sa masa sabuwar firaima, wato 'yar ƙwayar nan ta gindin kwanso da ke tada wuta, su zuba albarushi, su dasa kan harsashi. A can doka ta yarda, bisa sharuɗɗan kowace ƙasa. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi sai a wuraren da gwamnati ta keɓe, don haka wannan bayani na wanda yake zaune ne inda doka ta ba shi dama kuma yana da lasisinsa.

Da wuya ka ga bencin da duk kayansa na kamfani ɗaya ne. Mutum zai sayi tsohon injin matsi na RCBS a hannun wani, ya samo dayis, wato bututun ƙarfen da ake ɗaura wa inji a tura kwanso cikinsa don matse shi ko dasa masa kan harsashi, na Lee saboda araha, mariƙin kwanso na Hornady, sikeli na Lyman. Kayan ƙarfen nan yawancinsu suna zama da juna, muddin bayan an haɗa su an ɗauki awo. Abin da ke shiga cikin harsashin kansa, wato kwanso, firaima, albarushi da kan harsashi, shi ne ba a canza wa kamfani ba tare da an koma farkon lissafi ba.

Fara da tiredi

Kusan duk dayis na harsashin farauta da RCBS, Lee, Hornady, Redding, Lyman da Forster ke yi tiredinsu, wato haƙoran murɗawa irin na sukuru, ɗaya ne: faɗin 7/8 na inci, haƙora 14 a kowane inci. Dayis ɗin harsashin .308 Winchester na Redding zai murɗu cikin injin Lee lafiya lau. Ka fara murɗa shi da hannu kawai. In ya cije a zagaye na farko ko na biyu, ka fitar da shi ka duba, kada ka sa masa sifana.

Inda ake samun saɓani shi ne bushin, wato zoben ƙarfe mai rami a tsakiya, na saurin canjin dayis. Lock-N-Load na Hornady da Breech Lock na Lee duka suna karɓar kowane dayis a cikinsu, amma bayansu ba ɗaya ba ne, na wannan ba ya shiga injin wancan. Injin Rock Chucker na RCBS yana da babban bushin mai tiredin inci 1¼, haƙora 12, wanda ake iya kwancewa a sa bushin ɗin Hornady da aka yi don haka. Shi kuma Co-Ax na Forster ba a murɗa masa dayis sam. Ta gefe ake zura shi cikin wata tsaga, zoben kulle ne ke ɗauke da nauyin aikin. Zoben Lee mai roba a ƙasa ba ya manne wa jikin dayis, don haka a kan Co-Ax saitinka zai riƙa gusawa. Ka canza shi da zoben Forster mai sukurun gefe. Dayis ɗin dasa kan harsashi na L.E. Wilson ba shi da tiredi ko kaɗan, da ƙaramin injin dannawa na daban ake aiki da shi. A injuna masu tasha da yawa irin Dillon 550 da 750, faifan da ke riƙe kwansuna na kowane inji nasa ne, kuma tsofaffin dayis na Lee kan yi gajarta a kansu har sai an ɗaura zoben kulle ta ƙasa.

Mariƙin kwanso: kada ka saya da lamba

Mariƙi shi ne ƙaramin ƙarfen da ake zurawa a kan sandar inji, ya kama leɓen gindin kwanso. Gindinsa iri ɗaya ne a yawancin injuna, amma kowane kamfani da nasa lambobin. Ga kwansuna masu faɗin gindi inci 0.473, irin .243, .270, .308 da .30-06, RCBS na kiran mariƙin lamba 3, Lee da Lyman lamba 2, Hornady da Redding lamba 1. Ga .223 Remington, mai gindi 0.378, RCBS da Redding lamba 10 ne, Hornady 16, Lyman 26, Lee kuma lamba 4. To ga inda ake faɗawa rami: lamba 4 a wajen RCBS ta manyan kwansuna ce masu ɗamara, irin .300 Winchester Magnum da .375 H&H, masu gindi 0.532. Ka saya da sunan harsashin, kana duba jadawalin kamfanin da ya yi mariƙin.

Idan ya zo, zura kwanso ka girgiza. Ya kamata ya shiga ba tare da turawa ba, kuma kada ya yi lilo sosai. Mariƙin da ya yi wa kwanso yawa kan yage leɓen a lokacin da ake jan kwanson daga dayis, ya bar shi a maƙale a ciki.

Akwai kuma mariƙan da suka yi kama da na inji amma ba su ba ne. Na abin sa firaima na hannu na Lee faifai ne marar gindi, ba ya hawa sandar inji. Abin rage tsawon kwanso na Hornady kuma mariƙin Hornady yake so, domin ramin tsakiyarsa ya fi faɗi.

Saita dayis da mariƙin da ba 'yan gida ɗaya ba

Nan ne aikin yake. Tsayin da ke tsakanin inda gindin kwanso ke zama da saman mariƙi, a ƙa'ida, inci 0.125 ne. Kowane kamfani yana haƙa cikin dayis ɗinsa da wannan lissafi, amma kowa yana da ɗan rangwamen ƙira. Dayis ya ɗan gajarta da 0.002, mariƙi ya ɗan gajarta da 0.002, sai ka tarar kana tura kafaɗar kwanso, wato inda jikinsa ke tsukewa zuwa wuya, baya fiye da yadda ake so. In kuma rangwamen ya karkata ɗaya ɓangaren, kafaɗar ba za ta koma ba, sakatar bindiga ta ƙi rufuwa. Takardar da ke cikin akwatin dayis takan ce a murɗa shi har ya taɓa mariƙi, a ƙara kashi ɗaya cikin takwas zuwa rubu'in zagaye. Wannan saiti ne da zai sa harsashi ya shiga kowace bindiga, ba wanda zai dace da taka ba. Ko kayanka duka na kamfani ɗaya ne awo ya fi. In gauraye ne, ya zama dole.

Abin da kake buƙata: baniya, wato ma'aunin tsawo mai muƙamuƙi biyu, mai karanta 0.001 na inci, da ma'aunin kafaɗa da ake ɗaura mata, irin na Hornady. Bushin ɗinsa na 0.400 shi ne na .308, na 0.375 na .30-06, na 0.330 na .223. Sai kwansuna biyar da aka harba a wannan bindigar, ba a wata ba.

Na farko, cire tsofaffin firaimomin kafin awo. Firaimar da aka harba takan ɗan tashi a gefen ramin da allurar bindiga ta yi, ta ƙara wa awonka 0.001 ko 0.002 na ƙarya. Yi amfani da dayis na cire firaima kaɗai, wanda ba ya taɓa jikin kwanso.

Na biyu, auna kowane kwanso daga gindi zuwa kafaɗa, ka rubuta mafi tsawo. A ce ya ba ka 1.624. Wannan lamba ta ma'auninka ce kawai. Kada ka gwada ta da lambar littafi ko ta abokinka, domin bakin bushin ɗin kowane kamfani da irin yankansa.

Na uku, ɗaga sandar inji har ƙarshe, murɗa dayis har ya taɓa mariƙi, sannan ka mayar da shi baya rabin zagaye. Shafa wa kwanso mai kaɗan a jiki, ban da kafaɗa, ka ɗan taɓa cikin wuya. Man kowane kamfani yana aiki da dayis ɗin kowa: kakin Imperial na Redding, feshin One Shot na Hornady, ko na RCBS. Man da ya taru a kafaɗa yana lotsa ta.

Na huɗu, matse kwanson, goge shi, ka auna. Kada ka yi mamaki in ka ga ya ƙara tsawo, ya zama 1.626. Dayis ya matse jikinsa amma bai kai ga kafaɗa ba tukuna, tagullar da aka yi kwanson da ita ta gudu gaba. Masu sabon hannu da yawa a nan suke tsayawa, su ga sakata ta ƙi rufuwa, su ce kayan ne ba su jitu ba.

Na biyar, riƙa shigar da dayis kaɗan-kaɗan. Tun da haƙora 14 ne a inci, zagaye ɗaya inci 0.071 ne. Kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ya kai kusan 0.009, wanda ya ninka abin da kake nema sau huɗu. Inci 0.002 kusan digiri 10 ne kawai na murɗawa. Ka yi wa zoben kulle da saman inji alama da alƙalamin maka don ka riƙa ganin motsin. Duk lokacin da ka ƙara, ɗauki wani kwanson, domin wanda aka riga aka matse ba ya ba da amsa daidai.

Abin nema: kafaɗa ta koma baya da 0.001 zuwa 0.002 ga bindiga mai sakata, 0.003 zuwa 0.004 ga wadda ke ɗora wa kanta harsashi. A misalinmu, 1.622 ke nan ga mai sakata. Gwada kwanson a bindiga, babu firaima babu albarushi. Sakata ta rufu ba tare da kokawa ba. Sai ka kulle zoben yayin da kwanso yake cikin dayis, sanda a sama, don dayis ya zauna a miƙe. Matse wasu uku ka tabbatar.

In dayis ya dafe da mariƙi sosai amma kafaɗar ta ƙi komawa, fara duba ko akwai 'yar tazara tsakaninsu lokacin da kwanso yake ciki, domin inji yakan ɗan miƙe in ya ji nauyi. Haska fitila ta baya za ka gani. In akwai, ƙara murɗawa kaɗan. In babu, auna zurfin mariƙin da wutsiyar baniya. Ya wuce 0.125? Nemo wani mariƙin, na kamfanin da ya yi dayis in da hali. Mariƙi ba shi da tsada, dayis ne mai tsada, don haka ba a goge bakin dayis a kan dutse.

In kuma matsalar ta juye, wato da zarar dayis ya taɓa mariƙi kafaɗa ta nutse da 0.006 ko fiye, ko dai ka bar dayis bai taɓa mariƙi ba, ko ka samo jerin mariƙan Competition na Redding. Guda biyar ne, zurfinsu ya ɗara na ƙa'ida da 0.002, 0.004, 0.006, 0.008 da 0.010, kuma suna aiki da dayis ɗin wasu kamfanoni. Ana farawa da mai 0.010 a riƙa saukowa. Amfaninsu shi ne dayis na dafewa da ƙarfe kowane lokaci, awo ya daina rawa.

Dalilin wannan wahala duka: kwanson da aka tura wa kafaɗa da yawa yana miƙewa a duk harbi don ya cika ɗakin harsashi, kuma daga kusa da gindi yake jawo tagullar. Bayan ɗuri kaɗan sai wani zobe mai sheƙi ya bayyana a saman gindin. Lanƙwasa bakin siririyar waya ka ja ta a bangon ciki. In ta faɗa cikin kwari, kwanson ya gama aiki, murƙushe bakinsa da filaya ka jefar. In ya tsinke a cikin bindiga, iska mai zafi ce ke dawowa wajen fuskar mai harbi.

Da zarar saiti ya zauna, ajiye wannan mariƙin a cikin akwatin wannan dayis ɗin. Canza ɗaya daga cikinsu, ko canza inji, yana nufin sake awo daga farko.

Halin hannun inji

Injuna ba hali ɗaya gare su ba a ƙarshen tafiyar hannu. Rock Chucker da makamantansa sukan haura ƙololuwa su ɗan sauko, ka ji wani ƙas a hannunka, kuma a daidai wannan gaɓa ƙarfin matsin yana da yawa ƙwarai ba tare da ka ji nauyinsa ba. Injunan Lee tsayawa suke yi cak. Wannan ya shafi dayis ɗin Collet na Lee mai matse wuya kaɗai, wanda mariƙi ne ke tura shi ya rufe. Takardarsa ta ce a kan injin Lee a ƙara zagaye ɗaya bayan ya taɓa mariƙi, a kan injin da ke haura ƙololuwa kuwa zagaye biyu, don hannu ya tsaya kafin ya kai can, sannan a danna da nauyin kusan fam 25. Wanda ya saita shi a daidai ƙololuwa zai tsige murfin alminiyon da ke samansa.

Ƙananan sassa

Allurar cire firaima, da sandarta, da ƙwallon buɗe wuya, duk na kowane kamfani nasa ne. Ka ajiye allurai biyu ko uku na irin dayis ɗinka. Ramin wuta, wato wanda wutar firaima ke bi zuwa albarushi, na yawancin kwansuna kusan milimita 2 ne, amma wasu kwansunan Lapua, irin 6mm BR da .308 Palma, nasu milimita 1.5 ne, kuma allura ta gama-gari za ta maƙale a ciki ko ta faɗaɗa shi. Kwanso mai firaimar Berdan, wanda in ka leƙa cikinsa za ka ga ƙananan ramuka biyu maimakon ɗaya a tsakiya, yana karya allura nan take.

Bushin na matse wuya na Redding da Wilson da RCBS girman bayansu ɗaya ne, rabin inci, suna shiga dayis ɗin juna. Na Forster daban ne. Wajen zaɓen lamba, auna wuyan harsashin da aka riga aka ɗura ka cire 0.002. Kan harsashi 0.308 da bangon wuya 0.014 sau biyu sun ba da 0.336, bushin 0.334 ke nan. Ka canza kamfanin kwanso, kaurin wuya ya canza, lambar bushin ma ta canza.

Sandar dasa kan harsashi ya kamata ta kama shi a kafaɗar hancinsa, ba a tsini ba. Dogayen kawuna masu siririn hanci sukan tokare da tsini a cikin sandar da aka yi don gajeru, sai tsawon harsashi ya riƙa bambanta, ko ka ga zobe a hancin. Fitar da sandar, kifa ta a kan harsashin da hannu. In tana rawa, nemi sandar da aka yi don irin wannan hanci daga kamfanin dayis ɗin.

Abin rage tsawon kwanso ba ya ruwansa da wanda ya yi dayis, amma 'yan sandunan da ke shiga bakin kwanso ba sa musanyuwa tsakanin kamfanoni. A rage tsawo bayan matsewa, ba kafinta ba. Iyakar .308 inci 2.015 ce, ana yanke shi zuwa 2.005. Ta .30-06 2.494, a yanke zuwa 2.484. Ta .223 1.760, a yanke zuwa 1.750. Kwanson da ya zarce iyaka bakinsa na cusuwa a maƙogwaron bututu ya damƙe kan harsashi, matsin wuta ya hau.

Sikeli da mazubin albarushi na kowane kamfani sun yi. Sikeli shi ne alƙali, mazubi ɗan aike ne. Gwada sikelin da duwatsun gwaji kafin kowane zama, ka tabbatar yana kan giren ba giram ba: giram ɗaya giren 15.43 ne. Lambobin da ke jikin mazubin wani kamfani ba su da ma'ana a kan na wani.

Abin da ke shiga cikin harsashi

Littafin ɗuri, na Hornady ne ko Lyman ko Sierra ko Nosler, a saman kowane jadawali yana faɗin kwanso da firaima da kan harsashin da aka yi gwajin da su. Lambobin na wannan haɗin ne.

Albarushi ba a musanya shi, ba a kuma gauraya shi. H4350 da IMR 4350 da Accurate 4350 lambarsu ɗaya amma albarushi uku ne daban, kowanne da jadawalinsa. Haka H4895 da IMR 4895, haka H4831 da IMR 4831. Gwangwani ɗaya kaɗai ake ajiyewa a kan benci, in an gama a juye ragowar mazubi cikinsa nan take. Albarushin da aka rasa sunansa ba a amfani da shi.

Kwansuna a ware su bisa tambarin gindi. Kwanson soja na 7.62 irin na Lake City yawanci ya fi na kasuwa kaurin bango, cikinsa ya fi ƙanƙanta, don haka albarushi iri ɗaya zai ba da matsin wuta mafi yawa a cikinsa. Ramin firaimarsa kuma a daƙe yake, sai an gyara bakin kafin sabuwa ta shiga. In kana son ganin bambancin da idonka, auna kwanson da aka harba a sikeli, cika shi da ruwa har baki, ka sake aunawa.

Firaima girma biyu ce, babba 0.210, ƙarama 0.175. CCI 200, Federal 210, Winchester WLR da Remington 9½ duk za su shiga rami ɗaya, amma zafin wutarsu da taurin kofinsu sun bambanta. Remington 6½ ƙarama ce kamar 7½, sai dai kofinta bai dace da matsin .223 ba, yana hujewa. Babbar firaimar ƙaramar bindigar hannu faɗinta ɗaya da ta bindigar farauta amma ta fi gajarta da laushi, ba a sa ta. Kowace firaima ta zauna ƙasa da gindin kwanso kaɗan, yadda ɗan yatsa zai ji. Sa tabarau na kariya duk lokacin da kake wannan aikin.

Kawunan harsashi masu nauyi ɗaya ma ba ɗaya ba ne. Giren 150 na jan ƙarfe zalla, irin TSX na Barnes, ya fi mai cikin dalma tsawo, yana cin wurin albarushi, kuma Barnes na ba da shawarar a fara da shi inci 0.050 nesa da haƙoran bututu, wato tsagin cikin bututun bindiga da ke juya kan harsashi.

Duk lokacin da ɗaya daga cikin huɗun nan ya canza, koma kan adadin farawa da ke cikin littafin. Inda aka ba da iyaka kaɗai, rage kashi 10 cikin 100. Kada kuma ka sauka ƙasa da adadin farawa, musamman da albarushi mai jinkirin ci. Ɗura uku-uku a kowane mataki, kana hawa da ɗan kaɗan, ka canza abu ɗaya tak a lokaci guda. Bayan kowane harbi duba kwanson: sakata mai nauyin ɗagawa, tabo mai sheƙi a gindi, firaimar da ta baje ta cika ramin, ko ramin da ya saki har sabuwar firaima ta shiga ba turjiya. Kowanne ka gani, tsaya, ka warware sauran da abin cire kan harsashi. Rashin ganin alama ba izini ba ne na wuce iyakar littafi, domin SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi a Amurka, ta tsayar da matsin wutar .308 a kan psi (awon matsi) 62,000, .30-06 a kan 60,000, kuma matsin kan wuce haka kafin kwanso ya nuna komai. Ma'aunin gudun harsashi ya fi ido gaskiya: in gudun ya zarce na littafi a bututu mai tsawo ɗaya, matsin ma ya zarce.

A jikin kowane akwatin harsashi ka liƙa takarda: tambarin kwanso da sau nawa aka ɗura shi, firaima, cikakken sunan albarushi da nauyinsa, kan harsashi, tsawon harsashi, awon kafaɗa, da dayis da mariƙin da aka yi aikin da su.